Azumin Rage Ƙiba: Riba Da Hasarar Da Ke Cikinsa Ga 'Yan Kasuwar Madawa, Buza Da Keita

Shekaru kaɗan da suka wuce, idan aka ce wa mace 'yar kasuwa a Madawa ko Tamaske "Hajiya kin yi ƙiba", godiya za ta yi, domin kuwa yabo ne aka yi mata. Haka shi ma Alhajin da ya dawo daga Abijan ko Legas da tumbi a gaba, ba sai an tambaye shi ba, kowa ya san ci-rani ya yi kyau. To amma a yau zancen ya fara sauyawa. A rumfunan masu atamfa da na masu hatsi, da wajen dillalan albasa, za ka ji ana hirar ciwon gwiwa da haki da hawan jini, wanda aka fi sani da tansiyo, da kuma ciwon sukari. Za ka kuma ji wance ta shiga "rejim", wane ya daina karin kumallo, wata kuma ta ga wani sabon salo a wayar salula da ake kira azumin rage ƙiba.

Wannan magana za ta iya ba wanda ba ɗan yankin ba mamaki, saboda gundumomin Madawa da Buza da Keita na jihar Tawa an fi jin sunansu a labaran ƙarancin abinci. Bayan yunwar shekarar 2005 ne ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta buɗe cibiyoyin kula da yara masu tamowa a Madawa da Buza. Sai dai kuma rama da ƙiba suna iya zama a gari ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya. Binciken lafiyar iyali da Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a Nijar a shekarar 2012 ya nuna cewa kashi 16 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna fama da rama, yayin da kashi 18 cikin 100 nauyinsu ya wuce kima, kuma abin ya fi yawa a birane. Tun kafin nan, wani bincike da Ma'aikatar Lafiya ta yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya a 2007 ya gano cewa fiye da mutum ɗaya cikin uku na manyan da aka auna suna da hawan jini. A duniya baki ɗaya kuwa, hukumar ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas yana ɗauke da ƙiba mai cutarwa.

Ga ɗan kasuwa, wannan magana ce ta jari. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ko wadda ciwon sukari ya sa aka yanke wa ƙafa, rumfa ta rufe ke nan, kuma abin da aka tara shekara da shekaru sai ya ƙare a hanyar Galmi ko Maraɗi ko Yamai wajen neman magani.

Daga ina ƙibar ta fito?

Dattawan matan Keita ba su manta da aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a shekarar 1984 da tallafin gwamnatin Italiya ba. Mata ne suka fi yawa a aikin, saboda maza sun tafi ci-rani, su ne suka yi ta dakon duwatsu a ka suna jera su a gangaren tudu, ana biyansu da abinci. Matar da ta yini tana wannan aiki, ta dawo ta yi surfe da daka, ta je rijiya, duk abin da ta ci jikinta ya ƙone shi kafin gari ya waye. Har gobe haka rayuwar mafi yawan matan karkara take.

Jikar wannan mata da ke da tebur a kasuwar gari kuwa, rayuwarta daban ce. Kabu-kabu ke kai ta kasuwa, shi ke maido ta. Injin niƙa ya ɗauke mata daka. Daga hantsi zuwa magariba tana zaune a wuri ɗaya, kuma abinci ne ke zuwa ya same ta: mai fanke ta wuce, mai awara ta wuce, ga shinkafa da mai da yaji, ga taliya, ga lemun kwalba mai sanyi saboda zafi. Maza kuma ga mai shayi da burodi da mayonez da safe, ga tsire da yamma, ga butar shayi da ba ta sauka daga kan gawayi, kowane zagaye da nasa sukarin. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da mutum zai kira cin abinci, amma idan aka tara su sun fi tuwon dare nauyi.

Akwai kuma ƙibar da ake nema da gangan. A al'adun ƙasar nan da dama, cikar jiki ado ne ga mace. Wata masaniya mai suna Rebecca Popenoe ta rubuta littafi sukutum a 2004 a kan yadda Larabawan Azawak, a arewacin jihar Tawa, suke ɗura wa 'yan mata madara da fura tun suna ƙanana don su yi jiki kafin aure. A garuruwan Hausa kuwa ƙwayoyi ne suka maye gurbin ɗura, irin waɗanda ake kira "sha ka fashe", da masu tallar magani ke yawo da su a kasuwa. Galibinsu ko dai maganin buɗe ciki ne mai sa barci, ko kuma Dexamethasone, wanda ke kumbura fuska da ciki, ya tara ruwa a jiki, ya hawar da jini da sukari, ya kuma raunana ƙashi. Duk wadda ta daɗe tana shan wannan na biyun, kada ta yanke shi rana ɗaya, domin yin hakan na da haɗari; ta je likita a rage mata shi sannu a hankali.

Wa ke bukatar ragewa?

Kafin mutum ya fara hana kansa abinci, ya kamata ya tabbatar yana da abin ragewa. Ma'aikatan lafiya suna da lissafin da suke haɗa nauyi da tsawo. Misali, macen da tsawonta ya kai mita 1 da santimita 60, idan nauyinta yana tsakanin kilo 47 da 64, to daidai take. Daga kilo 64 zuwa sama nauyi ya fara yawa, idan kuma ya kai kilo 77 ta shiga sahun masu ƙibar da likitoci ke ɗauka a matsayin cuta. Wadda ba ta kai kilo 47 ba kuwa, ƙari take bukata.

Akwai hanya mafi sauƙi da ba ta bukatar sikeli. A sami igiya ko zare, a yanke shi daidai tsawon mutum daga ƙafa zuwa ka, a ninka shi biyu, sannan a zagaya shi a ciki, sama da cibiya kaɗan. Idan bakin biyu suka haɗu, to babu laifi. Idan suka ƙi haɗuwa, kitsen ciki ya yi yawa. Dalili shi ne bai kamata zagayen cikin mutum ya wuce rabin tsawonsa ba, kuma hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta amince da wannan ma'auni a 2022. Kitsen tumbi shi ne mafi haɗari, domin shi ke kewaye hanta da hanji, kuma shi aka fi dangantawa da ciwon sukari da na zuciya. Kitsen cinya da na mazaunai bai kai shi illa ba. Wannan awo bai shafi mai juna biyu ba.

Mene ne azumin rage ƙiba?

Salon da ake yayi yanzu ya yi suna ne a shekarar 2012, lokacin da wani ɗan jarida da ya karanci aikin likita, Michael Mosley, ya gabatar da wani shiri a talbijin na BBC a Ingila, sannan ya fitar da littafi a 2013. Tsarinsa shi ne mutum ya ci abinci yadda ya saba kwana biyar a mako, a sauran kwana biyun kuma ya ci kusan rubu'in abin da ya saba. Ana kiran wannan 5:2. Daga baya wani tsarin ya fi shi karɓuwa, wato 16:8, inda mutum zai tattara duk cin abincinsa cikin awa 8, misali daga sha biyun rana zuwa takwas na dare, sauran awa 16 kuma ya haƙura. Akwai na uku, na yini ɗaya a ci, yini ɗaya a ƙuntata.

Mai karatu zai ce ai wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tun da mun san azumin Litinin da Alhamis, da na ranakun 13 da 14 da 15 ga wata, da azumin Annabi Dawuda na yini bayan yini. Gaskiya ne akwai kama. Amma akwai bambanci guda biyu da ya kamata a kiyaye. Na farko, azumin ibada yana da niyyarsa da hukunce-hukuncensa, kuma wannan fagen malamai ne. Na biyu, a azumin rage ƙiba ana shan ruwa iya son rai, ana shan shayi ko zoɓo marar sukari. Abinci kawai ake ɗagawa. Wannan bambanci na biyu yana da muhimmanci ƙwarai a ƙasar Adar, inda zafin watannin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40. Wadda ta zauna a rumfar kwano cikin wannan zafi ta hana kanta ruwa da sunan neman rama, tana jawo wa kanta jiri da ciwon kai, tana kuma wahalar da ƙodarta a banza, domin ruwa ba ya sa ƙiba.

Yadda abin ke aiki a jiki shi ne, bayan mutum ya ci abinci, jiki yana amfani da sukarin da ya shiga jini, ya adana saura a hanta, abin da ya yi rara kuma ya mayar da shi kitse. Idan aka ɗauki awanni ba a ci komai ba, ajiyar hanta takan ragu, sai jiki ya koma taɓa kitsen. Kamar ɗan kasuwa ne da ciniki ya tsaya masa, dole ya shiga sito ya fito da kayan da ya ajiye. Amma idan da yamma aka sake shigo da kaya fiye da wanda aka fitar, sito ba zai taɓa raguwa ba.

Abin da bincike ya gano

Masu tallar wannan tsari a wayoyi suna yi masa kirari kamar maganin kowace cuta. Likitocin da suka gwada shi a kan mutane sun sami sakamako mai sauƙi fiye da haka.

A shekarar 2020, masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko a Amurka sun raba mutum 116 gida biyu. Kashi ɗaya suka bi tsarin 16:8 ba tare da an ce su rage yawan abinci ba, ɗaya kashin kuma suka ci sau uku a rana. Bayan mako 12, masu azumin sun rage ƙasa da kilo ɗaya, sauran kuma sun rage kusan kashi biyu cikin uku na kilo. Wato dai bambancin bai taka kara ya karya ba.

A 2022 kuma, wani asibiti a birnin Guwanzu na ƙasar Sin ya bi mutum 139 masu ƙiba har tsawon shekara guda. Dukansu an rage musu yawan abincin da suke ci, amma rabinsu an ce su ci tsakanin takwas na safe da huɗu na yamma kawai. Waɗannan sun rage kilo 8, sauran da ke ci a kowane lokaci sun rage kilo 6.3, kuma masu binciken suka ce ratar ba ta isa a ce agogo ne ya kawo ta ba. Tun a 2017 ma wani gwaji da aka yi a Shikago da mutum 100 ya nuna cewa masu yini ɗaya ci yini ɗaya ƙunci sun rage kusan daidai da masu rage abinci kullum, sai dai su ne suka fi gajiya su watsar da tsarin: kashi 38 cikin 100 sun janye kafin shekara ta cika.

Idan aka haɗa waɗannan, abin da ya fito fili shi ne azumin awanni yana rage ƙiba idan ya sa mutum ya rage yawan abin da yake ci, kuma bai fi rage abinci na yau da kullum ƙarfi ba. Amfaninsa shi ne sauƙin kiyayewa. Wadda ba ta da lokacin auna abinci ko lissafi, tana iya riƙe doka guda: kafin ƙarfe kaza ba na ci, bayan ƙarfe kaza na rufe baki. Ga mai zama a kasuwa, inda ciye-ciye ne babbar matsala, wannan doka tana da amfani.

Darasin watan Ramadan

Ba sai mun je Amurka ko Sin ba, muna da namu gwajin duk shekara. A 2019 wasu masana a Jami'ar Sidni ta Ostareliya sun tattara bincike 70 da aka yi a kan masu azumin Ramadan kusan 3,000 a ƙasashe daban-daban. Sun gano cewa a tsakaice mutum yakan rage kilo ɗaya da 'yan kai a cikin watan, masu ƙiba sun fi raguwa, amma cikin mako biyu zuwa biyar bayan Sallah nauyin yakan fara komawa inda ya fito.

Kowa ya san dalili. Da an sha ruwa sai kunu mai sukari, da ƙosai, da lemu, da soye-soye, sannan tuwo ko shinkafa, sannan a tashi sahur a sake cikawa. Masu sayar da sukari da mai su ne shaida, domin babu watan da suke ciniki kamar na azumi. Idan awa 14 ba ci ba sha har wata guda bai sauke wa mutum fiye da haka ba, to a bayyane yake cewa abin da ake ci bayan an buɗe baki shi ne ke yanke hukunci. Addini ma tun farko ya yi nuni ga hakan, inda ya hana ɓarna a ci da sha, kuma hadisi ya karantar da a raba ciki uku, tsakanin abinci da ruwa da numfashi.

Waɗanda bai kamata su gwada ba

Mace mai juna biyu da mai shayarwa su ne na farko. Wannan ya shafi mata da yawa, tun da binciken 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar 'ya'ya fiye da bakwai a tsakaice, na 2021 kuma ya nuna fiye da shida, ma'ana shekaru masu yawa na rayuwarta tana ɗauke da ciki ko goyo. Haka kuma binciken na 2012 ya sami kashi 46 cikin 100 na mata da ƙarancin jini. Mace tana iya zama mai jiki kuma jininta ya yi ƙasa, don haka wadda ke yawan jin jiri ko bugun zuciya ta fara zuwa a auna ta.

Sai masu ciwon sukari da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayar Glibenclamide. Idan suka sha magani ba su ci abinci ba, sukarinsu zai iya faɗuwa har su suma, wani lokaci ma a rasa rai. Su ma suna iya rage ƙiba, kuma tana yi musu amfani sosai, amma sai da sanin likitan da zai daidaita musu magani. Haka masu gyambon ciki, da masu ciwon ƙoda, da masu sikila, da masu shan maganin da dole sai an ci abinci, da tsofaffi, da yara da 'yan matan da ba su gama girma ba.

Akwai kuma gargaɗi na musamman. Wanda ya ga yana ramewa alhali bai rage abinci ba, kada ya yi murna. Rama haka kawai, musamman tare da yawan fitsari da ƙishirwa, ko tari mai daɗewa, ko zufar dare, alama ce ta ciwon sukari ko tarin fuka ko wata cuta da ke bukatar asibiti da gaggawa.

Yadda za a daidaita shi da zaman kasuwa

Wanda yake da lafiya kuma ya ga yana da abin ragewa, ba sai ya faɗa awa 16 rana ɗaya ba. Ya fara da awa 12: a gama tuwon dare kafin takwas, kada a sake cin komai sai takwas na safe. Bayan mako ɗaya ko biyu a matsar da karin kumallo zuwa ƙarfe goma, awa 14 ke nan. Mutane da yawa wannan ya ishe su, kuma bai raba su da cin abincin dare tare da iyali ba. Ranar babbar kasuwa, ko ranar lodin albasa, ko ranar doguwar tafiya zuwa Tunfafi ko Ƙonni, a sassauta, domin aikin ƙarfi da tuƙi ba su tafiya da jiri.

Abu na biyu shi ne sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da babba ke sha a rana ya wuce kimanin giram 50, in da hali ma giram 25, wato ƙaramin cokali shida. Gwangwanin lemu ɗaya na santilita 33 yana ɗauke da kusan giram 35. Idan aka haɗa da sukarin fura, da na kunu, da na shayi zagaye uku, mutum ya ninka ƙa'ida kafin la'asar. Wanda ya bar lemun kwalba ya koma ruwa, ya kuma rage rabin sukarin shayinsa, ya riga ya yi babban aiki, ga kuma canjin da zai rage a aljihu.

Na uku shi ne mai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa yana ba jiki ƙarfin da sai an yi tafiyar kusan rabin awa kafin a ƙone shi. A duba yawan cokulan da ake kwarara wa shinkafa da wake ko ɗanwake, sai a gane inda tumbin yake fitowa. Masu sana'ar tuya su ne suka fi shiga haɗari, saboda ɗanɗane da cinye ragowar da ba ta ƙare ba.

Abin farin ciki, abincin da ya dace yana nan cikin kasuwarmu, kuma shi ne mafi araha. Hatsi da dawa ba su hawar da sukarin jini da sauri kamar farar shinkafa da burodi da taliya, suna kuma daɗewa a ciki. Saboda irin wannan amfani ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 a matsayin shekarar gero. Wake yana ƙosarwa. Ga zogale da tafasa da rama da yaɗiya na kwaɗo, ga kabeji da salati da tumatir da karas na lambunan Tarka da Majiya a lokacin sanyi, ga albasar da muke loda wa manyan motoci zuwa Gana da Kwaddebuwa. Ga nono da ƙwai da kifi. Kilishin Madawa ma ba laifi, in dai kaɗan ne, saboda gishirinsa. Dabarar ita ce a raba kwano: rabi ganye da kayan lambu, rubu'i tuwo ko shinkafa, rubu'i wake ko nama ko kifi. Mai cin malmala uku ya koma biyu. Fura kuma a dama ta da nono, a bar sukarin.

Masu hawan jini su kula da gishiri. Ƙa'idar ita ce kada ya wuce giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma ɗunƙulen ɗanɗano da ake jefa wa miya kusan rabinsa gishiri ne. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta suna ba miya daɗi ba tare da wannan illa ba.

Sai motsa jiki. Abin da ake so shi ne aƙalla minti 150 a mako, wato tafiyar rabin awa kwana biyar. Wadda gidanta bai yi nisa ba ta taka da ƙafa da sanyin safiya maimakon hawa kabu-kabu, ta kuma riƙa miƙewa tana zagayawa duk bayan awa guda, maimakon aiken yaro komai ƙanƙantar abu. Tafiya kaɗai ba ta sauke kilo da yawa, amma tana kare naman jiki daga zubewa, tana kuma saukar da jini da sukari.

Kada kuma a sa dogon buri. Rabin kilo a mako ya wadatar. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002, wanda ya ƙunshi mutum 3,234 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, ya nuna cewa waɗanda aka sa su rage kusan kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 85, wannan kilo 6 ne kawai. Ba sai Hajiya ta koma kamar budurwa ba kafin gwiwarta da jininta su ji sauƙi.

Hattara da shayin rage tumbi

Duk inda bukata ta taso, masu neman kuɗi za su biyo ta. Yanzu akwai shayi da garin magani da ƙwayoyi iri-iri da ake tallatawa a kasuwa da kuma WhatsApp, ana cewa suna narkar da kitse cikin mako guda. Da yawansu ganyen da ke sa gudawa ne, dangin filasko, ko kuma maganin sa fitsari. Abin da ke fita ruwa ne, kuma da an sha ruwa nauyin zai dawo, a bar mutum da kasala da wahalar ƙoda. Hukumomin magunguna a ƙasashe da dama sun sha kama irin waɗannan kaya da aka ɓoye sinadarin Sibutramine a ciki, maganin da Turai da Amurka suka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar jiki. Kalmar "na gargajiya" ma ba kariya ba ce. A farkon shekarun 1990, a birnin Burasal na Beljiyam, mata fiye da 100 sun kamu da ciwon ƙoda bayan shan wani haɗin tsirrai na rage ƙiba, da yawansu har sai da aka koma yi musu wankin ƙoda ko dashe.

Akwai sababbin allurai irin su Ozempic da Wegovy da suka yi suna a 'yan shekarun nan. Waɗannan magani ne na gaske. Gwajin da aka fitar a 2021 ya nuna masu amfani da sinadarin da ke cikinsu sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu cikin mako 68. Amma suna da tsada ƙwarai, sai da takardar likita, kuma waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage cikin shekara guda. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabunsu da aka kama a Birazil da Ingila da Amurka. Idan jabu ya shiga waɗancan ƙasashe, to wanda aka kawo wa ita a cikin jaka a kan rahusa ya san abin da ya saya.

Bakin mutane

Babban abin da ke karya gwiwar mata a nan shi ne surutu. Da mace ta fara faɗawa, sai a ce miji ba ya ciyar da ita, ko kishiya ta sa ta a gaba, ko jari ya karye, wasu ma su fara raɗe-raɗin wata cuta. Ga kuma tayi, wanda ƙin karɓarsa ake ɗauka kamar wulaƙanci, ga buki da suna da ba su ƙarewa. Maganin wannan shi ne a fito fili. Ta gaya wa maigida da maƙwabtan rumfa cewa likita ya auna ta, kuma tana rage nauyi ne saboda jini ko gwiwa. Idan aka yi tayi ta sa albarka ta ɗauki loma ɗaya. In da hali ta sami abokiyar tafiya, ko a cikin 'yan adashinsu, domin abin da mutum biyu suka ɗaura niyya a kai ya fi daɗewa.

Magidanta su ma suna da rawar takawa, tun da su ke cefane, kuma tumbin nasu ba ƙaramin haɗari ba ne. Haka nan a kula kada rejim ɗin uwa ya shafi kwanon yara. Yaro mai girma yana bukatar cin abinci sau da yawa a rana, da mai da nono da ƙwai, musamman a wannan yanki da tamowa ba ta gama barinmu ba.

Matakin farko dai ba ya cin kuɗi mai yawa: a je cibiyar lafiya mafi kusa a hau sikeli, a auna jini, in da hali a auna sukari, a rubuta a ajiye, bayan wata uku a koma a gani. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa albarka a kasuwa.